"Ba a Ga Wata Ba" Ma Sanarwa Ce

Duk wanda ya tashi a Tudun Wada ya san yadda daren 29 ga watan azumi yake. Ana shan ruwa sai ka ga samari sun fito bakin layi, wasu sun ɗare katanga, kowa ya ɗaga kai yana duban yamma, wajen Rigasa. Dattawa kuwa ba sa wahalar da wuyansu, suna kan tabarma da rediyo a gefe. Wata shekara ɗan maƙwabcinmu, yaro mai ido kamar na shaho, ya sauko daga kan ƙarfen tankin ruwa yana haki, yana rantsuwa ya ga jinjirin wata. Na'ibin masallacinmu bai ce masa ƙarya yake yi ba. Ya dai tambaye shi a hankali, "Kai da wa kuka gani? Ƙahonsa ina ya fuskanta? Minti nawa ya yi kafin ya faɗi?" Yaro ya fara in'ina. Aka ce ya zauna, a jira Sakkwato. Can wajen ƙarfe goma sanarwa ta fito daga fadar Sarkin Musulmi: ba a ga wata ba, gobe a cika 30. Teloli suka yi hamdala sun sami ƙarin yini guda, yara suka ɓata rai, aka kwance kajin da aka ɗaure aka mayar akurki. Ban ji wanda ya ce masu duban wata sun yi aikin banza tunda ba su ga komai ba. Rashin ganin nan shi ya gaya wa miliyoyin mutane abin da za su yi da asuba.

Wannan daren ne ya faɗo mini a rai kwanakin baya a Panteka, a rumfar wani abokina maƙeri. Ni malamin fiziks ne a wata sakandare a nan Kaduna, kuma rabin kayan ɗakin gwajinmu aikin hannunsa ne. Ya ga wani bidiyo a Facebook, ya ajiye guduma ya ce, "Malam, ashe Turawan nan ma suna da aikin banza? An ce rami suka haƙa na kilomita 27, suna gwara abin da ido ba ya gani, sun fi shekara goma suna neman wata ƙwaya ba su samu ba, kuma wai yanzu wani ramin suke so da ya ninka wannan uku. Ni yarona ya yi wata guda yana neman noti ɗaya bai samo ba, wallahi sallamarsa zan yi."

Na yi dariya, amma tambayar ta biyo ni har gida, domin ba ta jahili ba ce. Manyan masanan fannin ma suna yi wa junansu ita, Turancinsu ne kawai ya fi nasa tsawo. Ni dai a ganina neman nan, na 'yan'uwan wata ƙwaya da ake kira Higgs, ba aikin banza ba ne ko da sun gama ba su samu ba, kuma mu mutanen Kaduna muna da abin ɗauka a ciki wanda ya fi ƙwayar kanta amfani gare mu.

Ramin yana kusa da birnin Jeneba, ya ratsa ƙarƙashin iyakar Suwizalan da Faransa, kimanin mita 100 a cikin ƙasa. Na cibiyar CERN ne, wadda ƙasashen Turai suka kafa a 1954, injin kuma sunansa LHC. Zobe ne, ba miƙaƙƙen rami ba. Ana ɗebo furoton, ƙwayar da ke tsakiyar zarrar haidurojin, a kora wasu ta dama wasu ta hagu har su kusa kamo gudun haske, suna zaga zoben sama da sau 11,000 a daƙiƙa ɗaya. Maganaɗisu, mayen ƙarfe ke nan, manya-manya guda 1,232 ne ke tanƙwara musu hanya, kuma ba sa aiki sai an sanyaya su zuwa digiri 271 ƙasa da sifili. A wurare huɗu ake barin ayarin biyu su yi karo. Ba fasa furoton kawai ake yi a leƙa cikinsa ba. Ƙarfin gudun ne yake rikiɗa ya zama sabon abu mai nauyi wanda da can babu shi a wurin. Kamar ka gwara goro biyu da ƙarfin tsiya, sai kabewa ta bayyana, kafin ka ƙifta ido ta tarwatse. Ba wanda ya taɓa ganin kabewar. Ɓarɓashinta ake tsinta a auna, a ce lalle abin da ya fashe nan nauyinsa kaza. Manyan masu tsintar su ne na'urori biyu, ATLAS da CMS, kowace da dubban masananta, kowace da irin ƙirarta. CMS kaɗai tan 14,000 ce.

Masana suna da wani lissafi da suka gama ɗora ginshiƙansa a shekarun 1970, suna kiransa Daidaitaccen Tsari. Ya jera ƙwayoyi iri 17 da ba a san sun ƙara rarrabuwa ba, ya faɗi yadda suke hulɗa da juna, kuma duk abin da muke taɓawa, daga ƙarfen Panteka har ruwan kogin Kaduna, daga cikinsu ya fito. Ta ƙarshe da aka gani ita ce ƙwayar Higgs. Tun 1964 Peter Higgs a Birtaniya, da François Englert da Robert Brout a Beljiyam, suka kafa hujjarta a kan takarda, amma sai ranar 4 ga Yulin 2012 ATLAS da CMS suka tashi a zaure ɗaya suka ce sun gani, nauyinta GeV 125 (GeV ma'aunin nauyin ƙwayoyi ne), kamar furoton 133 ke nan a haɗe. Shekara 48 ana jira. Higgs yana zaune a wurin, dattijo mai shekara 83, yana share hawaye. Brout bai ga ranar ba, ya rasu a 2011. Sauran biyun aka ba su kyautar Nobel a 2013. 'Yan jarida sun laƙaba wa ƙwayar wani suna da ke jingina ta ga Ubangiji, wanda ya samo asali daga taken wani littafi na 1993. Sunan talla ne, Higgs da kansa bai so shi ba, ni ma ba na shigo da shi aji. Ƙwaya ce cikin halittu kamar sauran.

Sai dai ta fita daban ta fuska ɗaya. Kowace ƙwaya tana da wata siffa da ake kira juyi. Ka tuna katantanwar da muke murzawa muna yara: in tana juyawa tana da sama da ƙasa, tana da inda ta karkata. Ba haka ƙwayoyin suke juyawa da gaske ba, amma misalin ya isa. Ilektiron juyinsa rabi ne, ƙwayar haske ɗaya, Higgs kuwa sifili. Irinta ake kira sikala, marar juyi, marar inda ta fuskanta. Bambancin kamar na iska da sanyi ne a hunturu. Iska sai ka ce daga arewa maso gabas take kaɗowa, amma sanyi ba shi da alƙibla, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Rashin alƙiblar nan ne ya sa abin da ƙwayar Higgs take fitowa daga cikinsa yake iya cika ko'ina, har sararin da muke zaton fayau yake, ba tare da ya fifita gabas a kan yamma ba, kuma hulɗar da wasu ƙwayoyi suke yi da shi ita ke ba su nauyi. Bisa wannan lissafin, ba don shi ba ilektiron ba zai yi nauyi ba, ba zai zauna a cikin zarra ba, ƙarfe da ruwa ba za su haɗu ba.

To ga abin da ya hana masana barci. A cikin 17 ɗin nan Higgs ce kaɗai sikala. Sauran da danginsu suka zo: ilektiron yana da yayye biyu masu nauyi, miyuwon da tawu, kuwak kuma, irin ƙwayoyin da ke haɗuwa su zama furoton, iri shida ne. Ita kuwa tilo. In ka ga ɗan tsako ɗaya yana yawo a tsakar gida, ai ka san akwai sauran a bayan rumbu. Wannan zato ne, na yarda, amma ba shi kaɗai ba ne dalili. Daidaitaccen Tsari, duk da bai taɓa faɗuwa warwas a injin karo ba, kimanin kashi 5 cikin 100 kawai na abin da ke sararin samaniya yake bayani a kai. Akwai wani ɓoyayyen abu, wajen kashi 27, wanda masu nazarin taurari suke ganin jansa a kan taurari amma ba ya ba da haske, kuma babu shi a jerin 17. Tsarin a asalinsa bai ba ƙwayar niyutirino nauyi ba, sai ga shi an tabbatar tana da shi, har aka ba da Nobel a kai a 2015. Kowane abu yana da kishiya wadda in sun haɗu sai su cinye juna ƙurmus (sunan ya dace, matan aure za su shaida), amma Tsarin ya kasa faɗin yadda aka yi abu ya cika duniya kishiyar ta ɓace.

Sannan ga nauyin Higgs ɗin kanta, wanda ya yi ƙanƙanta fiye da kima. Ka ɗauka wani ɗan kasuwa a Kasuwar Gumi ya kawo maka littafinsa, bashin da yake bi lamba ce mai sifili sama da 30, wanda ake bin sa ma haka, amma da aka debe wannan daga wancan sai ya rage naira 125 cif. Zai iya yiwuwa dace ne. Amma duk mai hankali zai ce akwai wani akawu a bayan labule da ke daidaita littafin. Da yawa daga cikin hanyoyin da masana suka kawo na toshe waɗannan ɓarakoki suna buƙatar ƙarin sikala. Wani mashahurin hasashe ya ce Higgs biyar ne, uku ba su da cajin lantarki biyu suna da shi, ɗaya kawai muka gani. Wani ya ce akwai wata sikala da ke tsaye kamar ƙofar zaure tsakanin duniyarmu da ɓoyayyen abin can. Saboda haka ba lalube a duhu ake yi ba. Akwai sawu, naman ne ba a gani ba.

Yadda ake neman shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Karo kusan biliyan ɗaya ake yi kafin a sami Higgs ɗaya, kuma cikin Higgs dubu, biyu kacal suke fashewa su zama ƙwayoyin haske biyu, hanyar da ta fi tsabta wajen gano su. Ana tara irin waɗannan fashe-fashe a zana su bisa nauyi, sai su ba da gangara mai santsi. In akwai sabuwar ƙwaya, za ta fito kamar ɗan tudu a kan gangarar. Matsalar ita ce dace ma yana yin tudu. A Disambar 2015 ATLAS da CMS duk suka ga wani ɗan tudu a GeV 750, ninki shida na Higgs. Duniyar fiziks ta ɗauki ɗumi. Cikin 'yan watanni aka rubuta takardu kusan 500 ana bayanin wace ce wannan baƙuwa, 'yar wane gida ce, su wane ne danginta. Da aka ƙara tara bayanai, a watan Agustan 2016 a wani taro a Shikago, ƙungiyoyin biyu suka tashi da bakinsu suka ce tudun ya baje. Babu komai a wurin. Ɗan maƙwabcinmu ne a kan tanki.

Abin lura shi ne, ATLAS da CMS ba su taɓa cewa sun gano ƙwaya a 750 ba, ko a lokacin da ake ta sowa. Suna da ƙa'ida da suke kira sigma 5: ba a cewa an gano abu sai in yiwuwar dace ya haifar da irin wannan tudun ta yi ƙasa har ta kai kamar 1 cikin miliyan 3 da rabi. Sigma 3, wajen 1 cikin 700, alama ce kawai. Wani zai ce 1 cikin 700 ai ya isa. Bai isa ba, domin ba wuri ɗaya suke dubawa ba, dubbai ne. Ka tsaya a ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ka yini kana kallon fuskoki, dole ka ga mai kama da kawunka da ya rasu. Ba shi ne ya dawo ba, fuskokin ne suka yi yawa. Sannan sukan rufe wa kansu ido da gangan: su lulluɓe ɓangaren bayanan da suke sa ran ganin abu, su gama tsara yadda za su yi awo, a amince, sannan a yaye. Don kada son zuciya ya ja hannun mai awo. Kuma dole shaidu biyu, masu na'ura daban, masu gasa da juna, su faɗi abu ɗaya. Ko da duk wannan ana iya tuntuɓe. A 2011 wani gwaji a Italiya ya nuna kamar niyutirinon da aka harbo daga CERN ya riga haske isowa. A 2012 su da kansu suka fito suka ce wata waya ce ba ta ɗauru da kyau ba. Duk mai gyaran wuta a Kakuri zai gane wannan.

Har yanzu akwai 'yan tuddai da ake sa wa ido. Akwai ɗaya wajen GeV 95, wanda CMS ta gani da ƙarfin da ya kusa sigma 3, kuma tsohon injin da ya riga LHC zama a ramin, mai suna LEP, ya taɓa ganin wata 'yar alama kusa da nan kafin a rufe shi a 2000. Wasu masana a Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu ma sun fito da nasu hasashen, suka raɗa wa ƙwayar suna Madala, tsoho ke nan a harshen Zulu. Da na fara jin sunan na ɗauka madalla ake cewa. Har yau dai ba a kai ga cewa madallar ba. A 2025 kuma CMS, garin neman 'yan'uwan Higgs masu nauyi, ta ga wani ƙari da ya haura sigma 5 daidai ninki biyu na nauyin kuwak mafi nauyi, wanda ake kira tof, ATLAS ma ta tabbatar. Amma bayanin da ya fi ƙarfi shi ne tof da kishiyarsa ne suke riƙe juna na ɗan ƙanƙanin lokaci kafin su tarwatse, abin da ba ya buƙatar fita daga Daidaitaccen Tsari. An fita taryar baƙo, aka tarar ɗan gida ne ya naɗa rawani.

To me aka samu a shekarun nan? An sami ɗaruruwan takardu da ke cewa: mun duba daga nauyi kaza zuwa kaza, ta hanya kaza, babu, in ma akwai, ƙarfinta bai kai kaza ba. Wanda akuyarsa ta ɓata, aka tabbatar masa ba ta Kawo, ba ta Mando, ba ta Unguwar Dosa, bai ga akuya ba, amma ba inda yake da safe yake ba. Hasashe da dama da manyan farfesoshi suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kai, waɗannan takardu sun matse su lungu, wasu sun binne su. Kuma waɗanda suka fi kowa son a gani su ne suka sa hannu a kan cewa ba a gani ba.

Nan ne abin ya taɓa ni, domin ni mai laifi ne. Shekara da shekaru ina sa ɗalibai gwajin lilo, a rataya dunƙulen ƙarfe a zare a ƙirga lokacin kai-komonsa, a fitar da ƙarfin jan ƙasa. Kowa ya san amsar littafi 9.8 ce. Kuma kowa 9.8 yake kawo mini, ko 9.7 in yana son ya nuna shi mai gaskiya ne, ni kuma in ba da maki in wuce. Wata rana ina duba littafin wata yarinya 'yar aji biyar, na ga alamar goge-goge, 8.9 a ƙasa, 9.8 a sama. Na kira ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, sau uku na yi, 8.9 yake ba ni, na ga kowa 9.8 ya rubuta." Na ce mu sake tare. Muka sami 8.9. Muka canja zare, 8.9. Sai na ciro wayata na gwada agogon awon da ita: ashe tsohon agogon gudu yake, yana ƙara daƙiƙa 3 a kowane minti. Allah kaɗai ya san shekara nawa ya yi a haka. Duk wanda ya riƙe agogon nan 8.9 ya samu, ya gyara da biro. Lambar gaskiya guda ɗaya da ta shigo ɗakin, ita ce aka goge, kuma ni na koya musu gogewar, da jan birona.

Wannan ciwon ba a ajina ya tsaya ba. Ka duba kundin kammala digiri nawa ne yake ƙarewa da cewa abin da muka zata bai tabbata ba. Ka saurari mai maganin gargajiya da lasifika a bakin tasha, wanda garinsa ɗaya yake warkar da basir da hawan jini da rashin haihuwa, bai taɓa faɗin wanda ya sha bai warke ba. Ka tuna daren nan na Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka riƙa tashin mutane a waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, har wasu suka rasa ransu. Abin haushin shi ne ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Mu ne muka gaji malaman da suke bin labari mutum bayan mutum, su ce wannan ingantacce ne, wannan mai rauni ne, wannan ƙirƙirarre ne, su jefar da ruwayar da ta yi musu daɗi saboda mutum ɗaya a cikin silsilar yana da mantuwa. Muna yin haka a zauren karatu da wajen duban wata, amma da mun shigo ɗakin gwaji ko WhatsApp sai mu tuɓe shi a ƙofa kamar takalmi.

Maganar kuɗi kuwa, abokina yana da gaskiyarsa, ba zan danne ba. Gina injin LHC kaɗai ya ci sama da biliyan 4 na kuɗin Suwizalan. In yana aiki gadan-gadan, CERN tana jan wutar da ta kai megawat 200, kusan daidai da megawat 215 da aka tsara tashar Kudenda za ta bayar, wadda muka yi shekara da shekaru muna jira. Sabon zoben da ake magana, wanda aka fitar da rahoton yiwuwarsa a 2025, kilomita 91 ne, ya fi tafiyar Kaduna zuwa Zariya, kuma matakinsa na farko an ƙiyasta biliyan 15 na kuɗin Suwizalan. Amurka ta taɓa fara irin wannan a Tekzas, ta kashe kusan dala biliyan 2, majalisa ta soke aikin a 1993 aka bar rami. Akwai kuma bambanci na gaske tsakanin jiya da yau: kafin a kunna LHC lissafi ya nuna dole a ga Higgs ko wani abu a madadinta kafin a wuce GeV 1,000 ko makamancin haka. Yanzu babu irin wannan tabbacin. 'Yan'uwan Higgs suna iya kasancewa a bayan ƙofa, suna iya kasancewa inda injin jikokinmu ma ba zai kai ba. Masu kare aikin sukan ce ai a CERN aka ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo a 1989, kuma haka ne, amma ban cika son wannan hujjar ba. Ba a sayen raƙumi don ƙararrawar wuyansa. In za a yi, a yi don ana son a sani.

Ko Turai ta haƙa ko ta fasa, aljihunta ne da majalisunta. Ban ce Najeriya ta sa ko kwabo a haƙa rami ba, alhali asibitocinmu suna neman injin gashin ciwon daji. Tambayarmu daban ce: me ya sa yaranmu ba su cika cikin masu duban ba? Maroko ta shiga ATLAS tun 1996. Afirka ta Kudu tana ciki, Masar tana CMS. Pakistan ta zama mamba mai alaƙa da CERN a 2015. Akwai makarantar fiziks ta Afirka da aka fara a 2010 a Afirka ta Kudu, ta je Kumasi, ta je Dakar, ta je Kigali, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai Ketevi Assamagan, ɗan Togo, mai aiki da ATLAS. Tun 2014 CERN take zuba bayanan karo na gaske a intanet kyauta ga duk mai so. Mu kuma ba daga sifili za mu fara ba. A jiharmu, a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai tukunyar nukiliya ta bincike da ke aiki tun 2004, ita ce ta farko a ƙasar nan. A Ile-Ife akwai ƙaramin injin harba ƙwayoyi. Abin da ɗalibin ABU ko KASU yake buƙata ya shiga farautar sikala shi ne kwamfuta mai ɗan ƙarfi, sola, data, malamin da ya san hanya, da yarjejeniya tsakanin jami'arsa da ɗaya daga ƙungiyoyin. Wannan bai fi ƙarfin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ba. Zuwa da kai ya fi aike. Kuma lokacin ya dace, domin ana shirin ƙara wa LHC ƙarfi ya dawo wajen 2030 yana tara bayanai ninki goma, za a buƙaci idanu. Yaron da ya yi shekara huɗu yana koyon bambanta tudun gaske da na dace a cikin karo biliyoyi, ko bai ga sikala ba, zai dawo ya iya lissafin ƙididdiga, ya iya rubuta manhaja, ya san na'urar gano haskoki irin wadda ake aiki da ita a sashen ciwon daji. Kuma zai dawo da bakin da ya saba cewa "ban gani ba" a gaban manyansa ba tare da gwiwarsa ta yi sanyi ba.

Da na koma Panteka karɓar ƙafar lilon da na ba shi gyara, na ba abokina wani labari da na san zai shige shi. Lokacin da ake gina CMS ana buƙatar tagulla mai yawa kuma mai kyau, sai aka samo ta daga tsofaffin kwanson harsasan sojan ruwan Rasha, sama da miliyan ɗaya, aka narkar aka zuba aka yanka faranti-faranti, yau suna can ƙarƙashin ƙasa suna tare ɓarɓashin karo. Ya yi shiru yana juya ma'aunin kauri a hannunsa. "Wato gwangwan suka narka, Malam?" Na ce gwangwan. Ya ce, "To in sun tashi haƙa sabon ramin, ka tambayo mana kaurin da suke so, da kuma kuskuren milimita nawa suke yafewa." Kafin in ba shi amsa aka ɗauke wuta, ya juya ya ƙwala wa yaronsa kira ya tayar da janareta.